Tarin Shiƙa: Daren Da 'Yar Yayana Ta Ɗauke Numfashi

Ga waɗanda data ko rashin sabis ya hana su sauraro, ga rubutun shirinmu na wannan makon kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau ba siyasa zan yi ba. Ba kuma zancen 'yan bindiga na zo da shi ba, duk da na san sai sun leƙo, don a Zamfara yanzu babu maganar da za ka ɗauko ka ƙare ba su shigo ciki ba. Maganar tari zan yi. Na san wani zai ce, kai malam, duk matsalolin da ke gabanmu ka rasa abin yi wa shiri sai tari? To ka ɗan yi haƙuri ka saurara. Ni ma da haka nake gani, har ranar da abin ya shigo ɗakinmu.

Mu mutanen Ruwan Bore ne, a ƙaramar hukumar Gusau, can wajen Mada. Da yawanku ba ku taɓa jin sunan garin ba sai a watan Fabrairun 2019, lokacin harin da aka kashe 'yar'uwar Sanata Kabiru Marafa, wanda ke wakiltar Zamfara ta Tsakiya a wancan lokacin. Jaridu sun ɗauki labarin kwana biyu suka wuce. Mu kuwa daga nan gidanmu ya watse. Wasu suka nufi Tsafe, ƙanwar Inna da 'ya'yanta suka tafi Bungudu, mu da Inna da yayana da iyalinsa muka kama ɗaki biyu a bayan garin Gusau. A lokacin ɗan yayana na fari yana da wata biyu a duniya. An yi masa allura ɗaya a cinya kafin mu taso. Katin allurar kuwa, wa yake ta kati ana gudun rai? Can aka baro shi. Da muka zo Gusau, matar yayana ta ɗauka tunda babu kati ba za a karɓe ta ba, ta ji tsoron a yi mata faɗa a gaban mata. Shikenan maganar ta mutu.

Na biyun, mace, an haife ta a 2021, shekarar da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya aka kuma rufe kasuwannin mako. Ita an kai ta, an yi mata ta farko. Daren ranar jikinta ya yi zafi, cinyar ta ɗan kumbura, ta kwana tana kuka. Da safe yayana ya ce, "Na ba ku yarinya lafiya lau kun maido mini marar lafiya. Kada a sake kai ta." Ba a sake ba.

Ni fa duk wannan ina nan. Ina jami'a ina dawowa hutu, na gama, na je bautar ƙasa na dawo, ina hawa Facebook ina zazzaga wa gwamnati kan asibitoci da kasafin kuɗi, ana danna mini alamar yabo. Ban taɓa cewa, Anti, ina katin yaran nan in gani ba. Wannan abin har yau idan na tuna sai in ji kunyar kaina.

Da hunturun ƙarshen 2023 aka haifi ta ukun. Kafin suna, babban yaron ya fara mura da ɗan tari. Hunturu ne, ƙura ce, wa zai damu? Bayan kamar sati biyu tarin ya canza. Sai ya kama tari ba tsayawa, ɗaya bayan ɗaya, har fuskarsa ta cika, idanunsa su yi ja, sannan ya ja numfashi da wani irin ƙara kamar zakaran da aka shaƙe, daga nan sai amai. Da rana kuma ka gan shi yana wasa kamar ba shi ba. Ƙanwarsa ta ɗauka. Ni ma na ɗauka, nawa dai busasshen tari ne da ke hana ni barci, ina ta shan citta da kanumfari da maganin tari na kemis. A haka nake ɗaukar jaririyar nan, ina sumbatar goshinta, ina ɗaukar hoto da ita.

Tana da sati biyar. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji muryar Inna daga ɗaya ɗakin, irin muryar da ban taɓa ji ba ko a ranar da muka gudo: "Ku taho! Ɗiyar ga ta ɗauke!" Na shiga na tarar da yarinya a hannun uwarta, shiru. Ba tari, ba kuka. Leɓenta ya yi duhu kamar an shafa shuni. Inna tana jijjiga ta tana salati. Can sai ta ja wani ɗan numfashi, ta yi kuka kaɗan, ta sake ɗaukewa. Samun abin hawa a daren nan kansa labari ne, wani maƙwabci mai a-daidaita-sahu Allah Ya saka masa shi ya fito.

A asibiti, bayan an sa mata oksijin, likitan ya juyo wajenmu. Tambayarsa ta farko ba kan jaririyar ba ce. Cewa ya yi, "Wa ke tari a gidan?" Kafin a amsa sai nawa tarin ya taso. Ya dube ni ya ce, "Malam, tun yaushe?" Na ce kusan sati uku. Ya tambayi yaran, ko suna amai bayan tari, aka ce e. Ya ce ina katunansu. Babu wanda ya yi magana. Ya ce duk alamun na tarin shiƙa ne, ya rubuta mana magani mu duka gidan, har Inna, ya ce ni in nisanci ɗakin jarirai.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance. Nono ma ta roba ake zura mata ta hanci. Abin da aka kashe ya fi kuɗin hayar ɗakunanmu na shekara, sai da Inna ta sayar da awakinta biyu da ta bar wa wata 'yar'uwa kiwo. Alhamdulillah ta rayu, yanzu haka tana nan tana ɓarna a tsakar gida. Amma jaririn da ke gadon kusa da namu, daga wani ƙauye ta wajen Bungudu aka kawo shi, an riga an kai shi wurin wanzami an cire masa beli saboda tarin, bai kwana biyu ba. Na ga lokacin da uban ya naɗe shi a zane ya fita. Ban san sunansu ba, amma fuskar mutumin nan ba ta bar ni ba.

To bayan nan ne na zauna na yi karatun abin. Ni ba likita ba ne, kada wani ya ɗauki maganata a madadin zuwa asibiti. Amma abin da na fahimta zan faɗa da Hausar da Innata za ta gane.

Tarin shiƙa ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, sunanta Bordetella pertussis. A jikin mutum kawai take rayuwa, ba a dabba ba, ba a ruwa ba. Daga mutum zuwa mutum take tafiya, ta hanyar tari da atishawa. Kuma tana da saurin yaɗuwa sosai: idan ta shiga gida, cikin mutum goma da ba su da kariya, takwas ko fiye za su iya kamuwa. Ku duba yadda muke kwana yanzu, musamman mu da aka koro daga ƙauyuka, mutum bakwai takwas a ɗaki ɗaya, an toshe taga saboda sanyi. Ai gona ce ta samu.

Yadda take aiki shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. A cikin hanyar iskarmu akwai wasu 'yan gashi-gashi ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura su turo su sama, kamar tsintsiya. Ƙwayar nan sai ta manne musu, ta saki dafi, ta kashe musu ƙarfi. Majina mai kauri ta taru, babu mai share ta. Jiki ba shi da wata dabara sai tari. Shi ya sa yaro zai yi ta tari har iskar huhunsa ta ƙare, ya ja sabuwa da ƙarfi ta maƙogwaron da ya ƙuntata, wannan ƙarar ta fito. Kuma ko an kashe ƙwayar, ɓarnar da ta yi tana nan sai jiki ya gyara a hankali. Mutanen Sin suna kiransa tarin kwana ɗari. Namu yaron ya kusa wata uku yana yi.

Daga kamuwa zuwa fara alama kwana 7 zuwa 10 ne, wani lokaci ya kai sati uku. Sati ɗaya ko biyu na farko mura ce kawai, majina, ɗan tari, zazzaɓi kaɗan ko ma babu. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin da babu wanda ya damu, a nan mutum ya fi yaɗa ta. A nan ne kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su azithromycin da erythromycin, ya fi amfani. Idan tarin ya riga ya yi ƙarfi, maganin ba zai tsayar da shi nan take ba, amma bayan kwana biyar ana sha mutum ya daina harbin wasu. Wanda bai sha ba yana iya yaɗawa har kusan sati uku da fara tarin. Don haka kada wani ya ce na sha magani kwana uku ban ga canji ba ya watsar.

Abin da nake so kowace uwa da kowane yaya ya riƙe shi ne wannan: ƙaramin jariri sau da yawa ba ya yin wannan ƙarar da muka san tarin shiƙa da ita. Wani ma ba ya tari sosai. Numfashi kawai yake ɗaukewa, ya canza launi, ya kasa kama nono. Mu muna jiran mu ji ƙara, ita kuwa cutar tana aiki shiru. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su ta fi kashewa, ta hanyar ciwon huhu, ko jijjiga, ko rashin iska ya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan jariri ya yi haka, ba a jira gari ya waye. Ba wanzami, don beli ba shi da laifi a wannan ciwon, cire shi ƙarin rauni ne da zubar jini a maƙogwaron da dama yake fama. Ba zuma, don ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma. Ba kuma maganin tari na kwalba daga kemis, ba ya yi wa tarin shiƙa komai, kuma kun tuna a 2022 yadda gurɓataccen maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya. Yaro babba da ke jinya a gida kuma, a nisanta shi da hayaƙin itace da turaren wuta, don su ke tayar da tarin, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a ɗan jira a sake ba shi.

Ciwon nan tsoho ne. Tun 1578 wani likita a Faransa, Guillaume de Baillou, ya rubuta yadda ya addabi yara a birnin Paris. Sai 1906 wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, suka iya ware ƙwayar. Amma labarin da ya fi burge ni na wasu mata biyu ne a Amurka, Pearl Kendrick da Grace Eldering, ma'aikatan ɗakin gwaji na gwamnati a garin Grand Rapids na jihar Michigan. A 1932, lokacin da talauci ya yi wa ƙasarsu katutu, sai sun tashi daga aikin da ake biyan su sannan su bi gidajen talakawa da dare, suna sa yara masu tari su yi tari a kan wani ɗan faranti su kai ɗakin gwaji. Da haka suka haɗa rigakafin, suka gwada shi shekaru, ya yi aiki. Daga baya wata baƙar fata, Loney Gordon, ta shigo aikin ta taimaka wajen gano nau'in ƙwayar da ya ƙara wa allurar ƙarfi. Kafin rigakafin ya yaɗu a shekarun 1940, yara kusan 200,000 ke kamuwa duk shekara a Amurka, kusan 9,000 su mutu. Ma'ana su ma sun binne 'ya'yansu kamar yadda muke binnewa. Ba wai jininsu ya fi namu ba ne.

A nan Najeriya, rigakafin tarin shiƙa yana cikin allurar da ake kira Penta, wadda aka shigo da ita a 2012. Allura ɗaya, ciwo biyar: tarin shiƙa, mashaƙo, sarƙewar haƙora, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya da ke jawo wa yara sanƙarau da ciwon huhu. A cinya ake yi, sau uku: sati 6, sati 10, sati 14. Kyauta ce a asibitocin gwamnati. Sau uku fa, jama'a. Ta farko gabatarwa ce, jiki ya ga abokin gaba ya san kamanninsa. Ta biyu da ta uku su ke gina katangar. Yaran gidanmu biyu duk a ta farko suka tsaya.

Yanzu ku lura da lissafin. Jaririyarmu sati biyar gare ta, ko lokacin allurarta ta farko bai yi ba. Babu laifin da za a ce an yi a kanta ita kaɗai. A Ingila da Amurka ana yi wa mai ciki allurar da ke ɗauke da rigakafin tarin shiƙa, kariyar ta ratsa ta isa ga ɗan cikin. Allurar da ake yi wa masu ciki a asibitocin gwamnati a nan ta sarƙewar haƙora ce da mashaƙo, tana da matuƙar amfani, amma babu tarin shiƙa a ciki. Kenan jaririn Zamfara a watanninsa na farko ba shi da wata garkuwa sai mutanen da ke kewaye da shi. In yayyensa sun cika allurarsu, da wuya ciwon ya samu ƙofar shigowa. In ba su cika ba, su ne ƙofar. Mu manya ma ƙofa ne, don kariyar tana raguwa da shekaru, ko ta allura ce ko ta wanda ya taɓa yin ciwon. Babba zai yi ta busasshen tari sati uku yana cewa sanyi ne, kamar yadda na yi. In kana tari, ka bar ɗaukar jaririn mutane, ko ranar suna ce, ko za a ce kana da girman kai.

Bari in dawo kan yayana, don ba na so a ɗauke shi jahili. Ba jahili ba ne. Abin da ya gani gaskiya ne: an kai yarinya lafiya, ta dawo da zazzaɓi. Penta tana sa zazzaɓi, tana sa kumburi da kuka kwana ɗaya ko biyu, kuma ɓangaren tarin shiƙa da ke cikinta shi ya fi jawo hakan. Jiki ne yake atisaye. Matsalar ita ce babu wanda ya zaunar da matarsa ya faɗa mata tun kafin a yi, cewa za ki ga kaza, ki ba ta nono sosai, ga yadda za ki ba da farasitamol, in ya wuce kwana biyu ko kin ga abin da ya tsorata ki ki dawo. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciya ɗaya, mata sun fi hamsin, a caka a ce na gaba. Minti ɗaya na bayani da ya canza labarin gidanmu.

Akwai kuma tsohon ciwo da ke zuciyar mutanenmu, kuma duk mai wayar da kai da ya yi kamar bai san shi ba yaudarar kansa yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da aka sa yara kusan 200 a cikinsa, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, magani ne da ake gwaji, amma a kunnen talaka duk allurar Bature ce. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, har da Zamfara, kan zargin yana hana haihuwa. Aka yi gwaje-gwaje, Kano ta koma a 2004, amma kafin nan shan inna ya tsallaka ƙasashe da yawa da suka riga suka rabu da shi. Sai da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da malamai suka shigo da gaske, kafin a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokacin su ne mu. Ku duba sa'o'inku, nawa ne suka yi aure suka kasa haihuwa saboda ɗigon? Bikin suna nawa kuka je bana?

Tambayar da dattawanmu ke yi ita ce wadda ta fi ƙarfi, kuma ni ban raina ta ba: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, amma in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayar da akuya? Wannan tambaya ce da ya kamata mu ci gaba da jefa wa masu mulki, kuma a wannan shirin ba za mu daina ba. Amma fushin da kake yi da gwamnati, in ka huce shi a kan cinyar ɗanka ka hana shi allura, gwamna ba zai ji komai a jikinsa ba. 'Ya'yansa sun riga sun karɓi tasu.

Masu cewa kuma ai komai ƙaddara ne, ni ba malami ba ne, amma a makarantar Islamiyya aka koya mana yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma da aka tambaye shi ya nuna cewa kauce mata ma cikin ƙaddarar Allah ne. Mu da muka gudo daga Ruwan Bore ba mu zauna mun ce ƙaddara ba, ɗaukar yara muka yi muka bi daji.

Ƙasar Japan ta taɓa gwada abin da yayana ya gwada, a matakin ƙasa. A 1974 kusan kashi 80 na yaransu na karɓar allurar, a shekarar mutum 393 suka kamu, babu wanda ya mutu. Sai jarirai biyu suka rasu jim kaɗan bayan allura, hankali ya tashi, aka dakatar a 1975, iyaye suka ja baya har masu karɓa suka koma kusan kashi 10. A 1979 sama da mutum 13,000 suka kamu, 41 suka mutu. Nan kusa da mu kuma, a 2015 tarin shiƙa ya ɓarke a Kaltungo ta jihar Gombe, sama da mutum 150 suka kamu, fiye da 20 suka rasu, kuma binciken da aka yi ya ɗora abin kan ƙarancin rigakafi. Mashaƙon da ya fara ɓarna a Kano tun ƙarshen 2022 ya bazu jihohi, shi ma wannan Pentar ce dai ke tare shi. Wani ƙiyasi da masana suka fitar ya nuna a 2014 kaɗai tarin shiƙa ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan 160,000 a duniya, fiye da rabinsu a Afirka.

Mu kuwa ina muke? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Zamfara da Sakkwato, cikin yara goma ko ɗaya ba a samu da ya cika dukkan alluransa na farko ba, alhali a Anambra kusan takwas ne cikin goma. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ko Penta ɗaya ba su taɓa karɓa ba, sama da miliyan biyu. Ba duka ƙin yarda ba ne. Akwai ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe, da na arewacin Bungudu, inda uwa ke son allurar amma ma'aikacin ya gudu, ko hanyar ba ta biyuwa, ko firjin ajiye maganin ya lalace, kuma Penta in ta yi zafi ko ta daskare ta tashi aiki. Wannan nauyin gwamnati ne da jami'an tsaro. Amma akwai dubbanmu da muka riga muka shigo gari, asibiti na nan tafiyar ƙafa, abin da ya rage kawai wani ya tambaya.

Wanin nan kuwa mu ne, masu waya a hannu. Kai da ke karanta wannan, a gidanku kai ne ake kawo wa takarda ka karanta. To ka ce a kawo maka katin. Ka nemi inda aka rubuta Penta 1, Penta 2, Penta 3, ka ga ko akwai kwanan wata a gaban kowanne. In babu, ka sani ba a sake farawa daga farko don an makara, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. In kati ya ɓace a gudun hijira, a je a faɗi gaskiya, za a yi tambayoyi a ba da sabo. In yaron ya girma, a kai shi dai, ma'aikatan za su duba shekarunsa su faɗi abin da ya dace da shi. Ka sa ranar komawa a wayarka. In kuɗin mota ne matsala, rage datar kwana ɗaya. Kuma kada ka je wa uban yaro da Turanci da ɗaga murya, na gwada, ba ya aiki. Ka bi ta wajen wanda yake jin maganarsa.

A gidanmu Inna ce ta yi wannan aikin. Ranar da aka sallamo jaririyar, da dare muna zaune, yayana ya yi shiru ya daɗe. Na buɗe baki zan fara lacca, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta dube shi ta ce, "Zahin jikin kwana guda ka ƙi, ga shi mun yi kwana goma sha ɗaya. Ɗiyan ga amana na. Ran Talata ni za ni kai su da ƙahwata." Bai ce komai ba. Ranar Talata da safe na fito na tarar ya riga ya tsayar da mai a-daidaita a ƙofar gida, ya biya kuɗin zuwa da dawowa. Jaririyar ta karɓi ta farko bayan ta warware, ta yi zazzaɓinta na kwana ɗaya, shi da kansa ya kwana yana riƙe da ita. Katunan uku yanzu suna cikin leda, cikin jakar da Inna ke ajiye takardun gonarmu ta Ruwan Bore.

Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan je Bungudu wajen ƙanwar Inna. Jikokinta huɗu ne a gidan, an kuma ce matar ɗanta ta kusa sauka. Na kira na ce a nemo mini katunan kafin in iso, aka ce ɗaya kawai aka gani. Abin da na tarar zan faɗa muku a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.